Itacen da Murjanatu Ta Sauya wa Suna

Akwai wata baiwar Allah a unguwar Kabong cikin garin Jos, sunanta Murjanatu. Sana'arta saƙar rigunan sanyi na yara da hulunan jarirai, tana kai wa 'yan kasuwa a kasuwar Terminus. Duk wanda ya taɓa kwana a Jos ya san mai wannan sana'a ba ta rasa masu saye.

Gidan da take ciki na mijinta ne, Hamman, gadon kakansa da ya zo garin tun zamanin haƙar kuza. Lokacin da rigingimu suka sa mutane suka yi ta tashi, kowa yana komawa unguwar 'yan addininsa, su ba su motsa ba. Maƙwabciyarsu ce ta hana, wata dattijuwa Kirista da ake kira Mama Firisila. Cewa ta yi duk mai son taɓa gidan Hamman sai ya fara bi ta kanta.

Mama Firisila irin tsofaffin nan ce masu murya kamar lasifika. In ta ce "ina kwana" daga ɗakinta, sai an amsa mata a gida uku. Ga Hausarta ta Jos, wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Amma zuciyarta fes take.

Hamman direba ne, madara yake ɗaukowa daga Vom. Da katangar da ke tsakanin gidajen biyu ta zube a wata damina, awakin unguwa suka sami hanya, suka cinye wa Murjanatu alayyafonta tas. Sai ya zo da rassan wani itace a bayan mota, ya kakkafa su a jere. Ya ce akuya ba ta cin sa ko yunwa za ta kashe ta, ga shi da saurin kamawa.

Rassan ba su gama fitar da ganye ba Hamman ya yi hatsari a hanyar Vom. Allah ya karɓi abinsa.

Kafin a fita da shi aka kira Murjanatu ta yi masa addu'a. Ta shiga ɗakin ta tarar da mutumin da ya fita da safe yana tsokanarta, an naɗe shi cikin farin ƙyalle, an ɗaure. Wannan farin ƙyalle ya zauna mata a ido. Har ta fita takaba ba ta iya shimfiɗa farin zanin gado.

'Yarsu ɗaya, Amatullah, a lokacin ko maganar kirki ba ta gama iyawa ba. Duk sanda ta tambayi ina Abba, sai uwar ta ce, "Ya yi tafiya." Ta faɗa sau ɗaya don ta samu yarinyar ta yi barci, daga nan kuma maganar ta zauna haka.

Itacen kuwa ya kama, ya yi tsawo, ya zama shinge mai faffaɗan ganye. Murjanatu tana ji da shi sosai, don shi ne abu na ƙarshe da hannun Hamman ya dasa. Takan zuba masa ruwan alwalarta.

Matsalar ita ce sunan itacen. Bini da zugu ake ce masa.

Na san da yawanku, musamman 'yan bana-bakwai, kun sha jin sunan nan ba ku taɓa tsayawa kun tambayi mene ne zugu ba. Zugu shi ne farin ƙyallen nan saƙar hannu, wanda a zamanin da ake yi wa mamaci likkafani da shi. Wato itacen cewa yake yi: in ka nufo ni, ka taho da likkafaninka. Wasu ma "ci ni da zugu" suke cewa, kowa ya ji ya san inda maganar ta dosa.

Murjanatu ta san ma'anar. Shi ya sa sare itacen ya gagare ta, jin sunansa ma ya gagare ta.

Wata rana da yamma Amatullah, wadda yanzu ta kai shekara biyar, tana tsinke ganyen tana hura kumfa da ruwansa kamar yadda yara suke yi. Sai ga muryar Mama Firisila ta tsallako shinge.

"Amatu! Bar wannan itace! Bini da zugu ne, ka ji ko? Ba abin wasa ba ne!"

Yarinyar ta ruga wurin uwarta. "Umma, mene ne zugu?"

Ƙwaryar zaren da ke cinyar Murjanatu ta kife. Ta ce, "Ba komai ba ne. Kaka Firisila ce da surutunta. Wannan itacen Abba ne, shi ya shuka mana. Sunansa ke nan, kin ji? Amma ba a cin 'ya'yansa."

Ku lura, ta ce ba a ci. To amma yarinyar da kullum ake ce mata ba a cin sukari, ba a cin gwaibar maƙwabta, ba a shan ruwan sanyi, kuma ta ga duk wanda ya saci jiki ya ci lafiyarsa ƙalau, me "ba a ci" zai tsorata ta da shi?

Murjanatu ta yafa mayafi ta zagaya gidan dattijuwar, ranta a ɓace.

"Mama, don Allah ina roƙonki, kada ki ƙara kiran sunan nan a gaban 'yata."

"Wane suna? Ai sunansa ke nan, Maman Amatu. Ni na raɗa masa?"

"Na binne miji. Ba na son a dinga kira wa 'yata likkafani safe da yamma. Baki yana da dafi, Mama."

"Baki ba shi da dafi kamar wannan itace, 'yata. Bari in gaya miki abin da..."

"Ba na son ji!"

Ta juya ta bar tsohuwa da baki buɗe. Daga ranar gaisuwa ta koma ta ɗaga hannu daga nesa. A da in za ta je Terminus, wurin Mama Firisila take barin Amatullah. Yanzu sai ta kunna mata talabijin, ta ja ƙofar gida ta sa kwaɗo, ta ce ai yanzu za ta dawo.

Ni dai ba na ganin Murjanatu muguwa ce. Mace ce da baƙin ciki ya toshe wa kunne, kuma irinta suna da yawa a cikinmu. Amma abin da ta yi wa tsohuwar nan ya ba ni haushi, gaskiya.

Damina ta ja, shingen ya yi 'ya'ya fiye da kowace shekara. Suka tashi daga kore suka yi rawaya, suka bushe suka yi baƙi, suka fara tsagewa suna zubo da ƙwaya a tsakar gida. In ka fasa ƙwayar, cikinta fari ne mai maiƙo, sak gyaɗa. An ce har gardi gare ta, kuma wannan shi ne sharrinta.

Mama Firisila ta gani ta kasa haƙuri. Ta haɗiye fushinta, ta ɗauki tsohon bahonta na roba, ta zo ta yi sallama.

"Maman Amatu, ban zo faɗa ba. Ba zan kira sunan ba ma. Bari kawai in tsinke 'ya'yan nan in zubar, itacen ya zauna abinsa."

Murjanatu ta tsaya a bakin ƙofa, ko matsawa ba ta yi ba. "Mama, na gode. Amma itacen mijina ba mai taɓa shi. In na samu lokaci zan share da kaina."

"Yarinyanki yana wasa a ƙarƙashi kullum fa."

"Allah ne ke tsare min ita."

Tsohuwa ta koma da bahonta ba komai a ciki. Lokacin sharar kuwa bai samu ba, don an ba Murjanatu aikin riguna masu yawa, tana ta saƙa ba ɗaga kai.

Ranar da za ta kai kayan, gari ya wayi da yayyafi. Ta kunna wa Amatullah talabijin, ta kulle gida, ta hau Keke Napep zuwa Terminus. Ba ta daɗe da fita ba aka ɗauke wuta. Yarinya ta gaji da kallon baƙin gilashi, ta fito tsakar gida.

Wajen azahar Mama Firisila tana gyaran acca a ƙofar ɗakinta, sai ta ji wani irin kakari daga bayan shinge. Ta kira, "Amatu?" Shiru. Ta leƙa ta tsakanin ganye, ta hango yarinyar a durƙushe riƙe da ciki, ta yi amai har ya ɓata mata riga. Ga ɓawon ƙwayar nan baƙi a warwatse, ga dutsen da ta yi ta fasawa da shi.

"Yesu!"

Ƙofa a kulle, sauran katangar kuma ta fi ƙarfinta. Tsohuwar da sai da sanda take hawa matakalar coci ta sa kafaɗa ta kutsa cikin shingen. Rassa suka kakkarye, suka yage mata hannu, ruwan itacen ya ɓata mata zani. Ta sunkuci yarinyar, ta dumbuzi ƙwayar ta ƙulle a bakin zani, ta sake fitowa ta inda ta shiga tana ihun a taimaka.

Aka tare mata Keke, a ciki ta kira wayar Murjanatu. Ita kuwa tana tsaye a rumfar wani ɗan kasuwa, ta ga sunan a waya, ta ja tsaki ta katse. Aka sake kira, ta sake katsewa, har tana cewa a ranta tsohuwar nan ba ta gajiya. Sai da baƙuwar lamba ta shigo ta ɗauka. Mai Keken ne.

"Hajiya, ki bar abin da kike yi ki taho asibiti. 'Yarki ce."

Ba ta san inda ta yar da jakar rigunan ba. Takalmi ɗaya ta isa asibitin da shi.

Ta tarar da Amatullah a kan gado, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, amai da gudawa sun tsotse ta kamar an matse tsumma. Ma'aikaciyar jinya tana ta laluben jijiya a ɗan hannun, ta soka nan ba ta samu ba, ta koma can. Yarinyar ko motsi ba ta yi, kuma rashin kukan nan ya fi komai tayar wa uwar da hankali.

Likita ya juyo. "Ke ce mahaifiyarta? Kin san abin da ta ci?"

Murjanatu ta buɗe baki. Ta san amsar sarai. Amma abin da ya fito shi ne, "Itacen... itacen Abbanta ne."

"Wane itace ke nan?"

Mama Firisila ta kwance bakin zaninta ta zube ƙwayar a kan tebur. "Bini da zugu, likita. Ya ci da yawa, na ga ɓawon."

Likita ya ɗauki ɗaya ya duba, ya ajiye a hankali. Murjanatu ta kama hannun rigarsa. "Likita, a yi mata allurar da ke karya dafin. Ko mene ne zan nemo."

"Hajiya, ba shi da irin wannan allurar. Ruwa za mu yi ta ƙara mata, mu tsayar da aman, mu lura da ita. Jikinta ƙarami ne, kuma ta zubar da ruwa da yawa. Sauran sai abin da Allah ya yi."

Aka samu jijiya da ƙyar a ƙafa. Aka ce su fita su jira.

Jama'a, wanda bai taɓa zama a bencin asibiti yana jiran ɗansa ba, Allah kada ya nuna masa. Murjanatu mace ce mai hannu, komai ya lalace a gida ita ke gyarawa. Ranar ga hannayen nan a cinyarta, ba abin da za su iya. Ta tashi ta leƙa taga, ta ga ruwan yana ɗiga a hankali, ta dawo ta zauna. Ta fara addu'a ta manta ƙarshenta. Ta sake tashi.

Ruwan sama ya tsuge, sanyi ya shigo barandar. Mama Firisila tana gefenta, hannunta duk jini ya bushe a kai, ba ta ce mata "ai na faɗa miki" ba. Sai ma ta cire rigar sanyinta ta yafa mata.

Can Murjanatu ta ce, "Mama, ranar nan kin ce za ki gaya min wani abu na hana ki."

Tsohuwa ta gyara zama ta fara ba ta labari.

"Ina da ƙane, Natana'el. Muna yara, a ƙauyenmu can bayan Vom. Ni aka bar wa shi, an tafi gona. Na gan shi yana fasa wannan abu yana ci, har ya ba ni, na ce ba na so. Ban sani ba, Maman Amatu. Ba wanda ya gaya mini. Babanmu ya saɓa shi a kafaɗa zai kai shi asibitin mishan, ba mota a lokacin. Bai kai ba."

Ta share ido da bayan hannu.

"Wani tsoho Bahaushe mai tallan ƙyalle, a wurinsa aka karɓi farin da aka naɗe shi. Shi ya gaya wa mamana sunan. Ya ce a da, in yaro ya ci aka ruga da shi wurin mai magani, sai a ce wa na baya, ku biyo mu da zugu, don ba a san ko za a dawo da shi da rai ba. Wai daga nan sunan ya fito. Ko haka ne ko ba haka ba, Allah ya sani. Ni dai kafin in iya Hausa, wannan suna na fara iya. Na ce duk yaron da na gani kusa da itacen nan sai na faɗa masa, ko uwansa zai zage ni."

Murjanatu ta zame daga benci ta durƙusa a sumunti, ta riƙe ƙafar tsohuwar tana kuka. "Ni na cire mata tsoron, Mama. Da bakina. Na ba shi sunan ubanta."

"Tashi, 'yata. Ka yi naka addu'a, in yi nawa. Ba abin da ya rage mana sai shi."

Haka suka yi ta zaman jiran. Jakar ruwa ta ƙare a sa wata. Likita ya shiga ya fito, in an tambaye shi ya ce a ci gaba da addu'a. Gari ya waye ya sake wayewa, tsohuwar nan ba ta koma gida ba sai don ta dafo kunu, wanda ba mai iya sha.

Sai wata safiya, Murjanatu tana goge wa Amatullah fuska da ɗan tsumma, yarinyar ta buɗe ido. Ta kalli uwar, leɓenta ya motsa.

"Umma, kada ki dake ni."

"Ba zan dake ki ba, uwata. Wallahi ba zan dake ki ba."

"Gyaɗar Abba ce na ci. Ban cinye ba. Na ajiye masa nasa a cikin jar hulata, in ya dawo."

Ma'aikaciyar jinyar da ke tsaye ta juya baya. Murjanatu ta kifa kai a gefen gadon, ta rasa godiya za ta yi ko kuka.

Da aka sallame su, yarinyar ko tsayuwa ba ta iya yi sosai, goya ta aka yi zuwa gida. Murjanatu ta ɗaga matashin kai, ga jar hular da ta saƙa mata da hannunta, cike da baƙar ƙwaya, an zaɓo manya-manyan.

Ta fito da hular tsakar gida, ta zaunar da Amatullah a cinyarta a gaban shingen, daidai inda rassa suka karye. Mama Firisila tana tsaye ta wancan gefen da bahonta.

"Amatu, kalli itacen nan. Abba ne ya shuka shi don awaki, amma ba sunansa itacen Abba ba. Sunansa..." Ta nuna shingen da yatsa. "Sunansa bini da zugu. Faɗa in ji."

"Bini da zugu."

"Kin taɓa tambayata mene ne zugu, na ce miki ba komai. Farin ƙyalle ne da ake naɗe mutum da shi in ya rasu, a kai shi a binne. Wanda ya ci 'ya'yan itacen nan yana iya rasuwa. Ke ma saura kaɗan."

Yarinyar tana wasa da bakin hular ta ce, "Umma, kin taɓa ganin ƙyallen?"

"Na gani. Da shi aka naɗe Abbanki."

"To yaushe zai cire ya dawo?"

"Ba zai dawo ba, Amatu. Ba tafiya ya yi ba. Ya rasu."

Amatullah ta kalli hular, ta kalli uwarta. Sai ta fashe da kuka, kukan uban da ba a taɓa bari ta yi ba. Murjanatu ba ta rarrashe ta ba, don ba ta da abin rarrashi, rungume ta kawai ta yi suka yi tare.

Da kukan ya lafa, yarinyar ta sauka daga cinya da kanta. Ta taka a hankali tana dafa rassa, ta je ta juye hular a cikin bahon Kaka Firisila.

Darasi: Magabata ba su raɗa wa itacen nan mugun suna don su la'anci kowa ba, sun sa gargaɗi ne a cikin sunan don yaron da bai san komai ba ya ji ya ja baya. Ɓoye wa yaro gaskiya don tana da ɗaci ba ya kare shi, hannunsa kawai ake sakewa a bakin rami. Ku gaya wa 'ya'yanku ainihin sunan abin da zai cutar da su da dalilinsa, kuma kada ku rufe ƙofa a fuskar maƙwabcin da ya zo muku da gargaɗi don muryarsa ba ta yi muku daɗi ba. Yau ɗin nan ku leƙa shingen gidanku, in kuma yaro ya ci irin wannan ƙwaya a garzaya da shi asibiti ba jira. Ku tura wa iyaye da maƙwabta wannan labari, ba ku san tsakar gidan da ƙwayar nan take zube yanzu haka ba.